Ƙofa Babu Titi: Kwamfutar Gida da Hanyar Sadarwa a Tarauni

Duk wanda ya ɗauki tsohuwar laftof a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, irin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko da daga Amurka suka fito, ya juya ta gefe ya duba da kyau, zai tarar da tarihin wata tsohuwar muhawara a jere cikin ramuka. In ta kwana biyu sosai, akwai ɗan ƙaramin rami na wayar tarho. Kusa da shi akwai wani mai ɗan faɗi, na kebul ɗin Ethernet. In kuwa ƙirar ofis ce ta baya-baya, irin su ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, sau da yawa akwai siririyar tsaga a gefe ko a ƙarƙashin batir, wadda aka yi domin sim. Kowannensu amsa ce da masana'antu suka bayar, a zamani daban, ga tambaya guda: shin ya kamata kwamfutar gida ta baro kamfani da hanyar sadarwa a jikinta, ko a bar mai saye ya nemo abin da zai maƙala mata in yana bukata?

A gidaje da yawa na Gyadi-Gyadi da Hausawa da Darmanawa, ba abin da ke shiga ramukan nan uku sai ƙurar hunturu. Duk da haka kwamfutocin suna hawa intanet. Ta hanya ta huɗu suke bi, wadda ba ta da rami: ɗan guntun rediyon Wi-Fi da ke cikinsu yana kama sigina daga wayar hannun mai gida. Yadda aka yi uku suka mutu ɗaya ta rayu shi ne ke nuna irin amsar da ta dace da gari kamar Kano, kuma amsar ta fi “e” ko “a'a” tsawo.

Yau tambayar kan ba matashi dariya, amma shekaru arba'in da suka wuce ba wasa ba ce. An ƙirƙiri Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka a 1973, sai dai ta daɗe tana zaman kayan ofis da jami'a saboda tsada. Commodore 64, wadda ta fito a 1982 ta shiga miliyoyin gidaje, ba ta zo da modem ba. Mai so ya saya daban. Hujjar zamanin a fili take. Yawancin masu saye wasa da rubutu da ɗan lissafi suke nema, don me za a ɗora musu kuɗin abin da ba za su taɓa ba? Kamfanin Acorn na Ingila ya bi tsakiya. A allon cikin BBC Micro ta 1981 ya bar gurbin kayan wata hanyar sadarwa tasa mai suna Econet, makarantar da ke son haɗa kwamfutocinta ta biya a cike mata gurbin. Suna kawai ya zo ɗaya da Econet ɗin da Kanawa suka sani, wanda ya yi ta sauya laƙabi har ya zama Airtel. Ba dangin iya, ba na baba.

Faransa ta fara daga ɗaya ɓangaren. Tun daga 1982 hukumar tarhonta ta riƙa raba wa masu layi wata ƙaramar na'ura mai suna Minitel kyauta, da farko domin duba lambobin waya maimakon ƙaton littafin da ake bugawa, daga baya har tikitin jirgin ƙasa da harkar banki. Ba a rufe tsarin ba sai 2012. A Amurka kuma kasuwa ce ta yanke hukunci. A 1998 Apple ya fitar da iMac da modem da Ethernet duk a jikinta, ya kuma cire ramin faifan fulofi, alamar cewa daga yanzu ta waya kaya za su riƙa shigowa. A 1999 iBook ta zo da gurbin katin sadarwar iska, a 2003 Intel ya haɗa Wi-Fi cikin kunshin da yake sayar wa masu ƙera laftof da sunan Centrino, a 2008 kuma MacBook Air ta fito ba ramin Ethernet ɗin ma. Abin da ba a cika faɗa ba a labarin nan shi ne, a Faransa da Amurka duka, kafin a huda rami a jikin kwamfuta akwai layin tarho a bangon ɗaki yana jira.

A Kano babu shi. Kafin zuwan wayar salula, layukan NITEL a Najeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 100. Lambar da ke farawa da 064 abin tinƙaho ce ta ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, ita ma damina ɗaya na iya kwantar da ita wata guda. Don haka lokacin da laftof masu modem a jiki suka fara isowa, sun zo da ƙofar da aka gina ba tare da titi a gabanta ba. An biya kuɗin ramin a farashin na'urar, ba a more shi ko sau ɗaya ba. Mai bukatar aika wasiƙar imel sai ya rubuta a gida, ya zuba a fulofi ko filash, ya hau acaɓa zuwa kafe a Zoo Road, inda intanet ke saukowa ta faranti daga tauraron ɗan'adam. Ya sayi awa ɗaya, rabinta ta tafi wajen jiran shafin Yahoo ya buɗe.

Titin da ya zo daga baya ta sama ya zo. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki, kira naira 50 minti ɗaya. Bayan 'yan shekaru sai ga zamanin modem na USB, ɗan abu kamar filash ƙirar Huawei ko ZTE, da tambarin kamfanin waya a bayansa. Shi ne ainihin “a bar mai saye ya nemo” a aikace, kuma duk wanda ya yi zamanin ya san halinsa. A kulle yake zuwa, ba ya karɓar sim ɗin kowa sai na kamfanin da ya sayar da shi, har buɗe shi ya zama sana'a a Farm Centre. Yana zafi, yana tsinkewa in an ɗan motsa cinya, yana ɓata a jakar makaranta. Wasu kuma ba na GSM ba ne ma. Na kamfanonin CDMA ne irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗanda a wani lokaci suka fi kowa sauri a cikin birni. Da kamfanonin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, MTN ya saye Visafone a farkon 2016, sai modem ɗinsu suka koma abin wasan yara.

A nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu cewa kada a gina sadarwa a jiki take, kuma ba ta cancanci a raina ta ba. Hanyoyin sadarwa sun fi kwamfuta saurin tsufa. Da a ce an dasa modem ɗin CDMA a cikin kowace laftof da aka sayar a Kano a 2008, da yau gari cike yake da na'urori masu mataccen sashe a ciki, kamar yadda ramin tarho ya zama. Abin da aka maƙala daga waje, in ya mutu a jefar a sayi wani. Sai dai hujjar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Modem ɗin CDMA ya mutu ne domin rayuwarsa a ɗaure take da lasisi da aljihun wani kamfani. Wi-Fi ba na kamfani ɗaya ba ne. Ƙa'ida ce buɗaɗɗiya da masana'antu suka amince da ita, tana aiki a zangon iska da ba a yanka masa lasisi, kuma sababbin nau'o'inta suna fahimtar tsofaffi. Shi ya sa laftof mai shekara goma sha biyar take gaisawa da wayar da aka saya jiya ba tare da tafinta ba. Abin da ya cancanci a gina a jiki shi ne irin wannan, wanda ba ya tambayar wane ne a ɗaya ɓangaren.

Kanawa sun gano amfaninsa ta hanyar da masu ƙera shi ba su tsara ba. A Turai an yi Wi-Fi ne domin ya ɗauki intanet daga rautar da ke maƙale da layin gida ya raba ɗaki-ɗaki. A nan, tun kafin data ta yi araha, ya zama hanyar miƙa kaya daga hannu zuwa hannu ba tare da intanet ba sam. Bluetooth ya fara, sannan manhajoji irin su Xender suka karɓe, suna mayar da waya ɗaya 'yar ƙaramar tasha sauran su jona. A kan wannan da kebul da katin memori sana'ar masu tura fina-finai da karatu da wa'azi ta tsaya: saurayi da laftof ɗaya a ƙarƙashin lema, ya sauke abu sau ɗaya da datar dare, ya tura wa mutum ɗari. Masu shirya fina-finan Hausa suna da ƙorafi na gaskiya a kan abin da sana'ar ta yi wa kasuwar faifai, amma wannan zance ne na wata rana. Abin lura a nan shi ne, sadarwa da intanet ba abu ɗaya ba ne. Ɗalibai huɗu a ɗaki guda a Unguwa Uku suna iya raba littafin likitanci mai shafi dubu a tsakaninsu cikin daƙiƙu, ko da ba ɗayansu da ke da kobo a layi, saboda kawai kowace na'ura ta zo da rediyonta.

Akwai kuma dalilin da ya fi shafar kasuwar gwanjo. Kwamfutar da ke shigowa Kano galibi ta riga ta yi rayuwa ɗaya a wani ofis na wata ƙasa. Abin da aka gina a jikinta yana biyo ta cikin kwantena. Abin da aka maƙala mata daga waje yana tsayawa a aljihun teburin mai ita na farko. An fi ganin haka a kwamfutocin tebur, irin ƙananan akwatunan Dell da HP da iyaye ke saya wa yara domin sun fi arha kuma ba a fita da su yawo. An ƙera su ne domin ofis mai kebul a ƙarƙashin kowane tebur, saboda haka da yawansu suna da Ethernet, ba su da Wi-Fi. Magidanci ya kai gida, ya haɗa, ya kunna hotsfot a wayarsa, kwamfuta ba ta ga komai ba. Washegari ya koma shago.

“Yallaɓai, ita wannan ba ta da shi a ciki, sai an sa mata ɗan filash na waifai.”

“To me ya hana ka faɗa mini tun jiya?”

“Ai ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe.”

Ya sayi ɗan filash ɗin, ya koma gida, ya tarar ba zai yi aiki ba sai an sa masa manhajarsa, wadda masu gyara ke kira direba. Direban yana kan ɗan faifan da ke cikin kwali, kwamfutar kuwa ba ta da wurin sa faifai. Ko kuma yana intanet. Wato sai ka hau intanet ka ɗauko abin da zai hau da kai intanet. Wanda ya san kan abin zai jona waya da kebul ya wuce wurin, amma ba domin wanda ya sani ake tsara kayan gida ba.

Batun tsada, wanda shi ne ginshiƙin tsohuwar hujja, ya zaizaye. Ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi na Ingila, waɗanda ake ƙirga kowane kwabo wajen ƙera su, sun nuna ma'aunin a fili: nau'in Zero ya fito a 2015 a kan dala 5 ba sadarwa, a 2017 aka fitar da Zero W mai Wi-Fi da Bluetooth a kan dala 10. In bambancin ke nan a kan kanti, to a cikin laftof ta ɗaruruwan daloli ba abin da za a tsaya ciniki a kai ba ne. Kuɗin da magidancin nan ya kashe a zirga-zirgar adaidaita sahu da ɗan filash ya kama hanyar haka.

Rami na uku ya fi ban takaici, domin shi ne ya fi dacewa da Kano kuma shi ne aka fi samu wayam. Tsagar sim ɗin da ke jikin laftof ɗin ofis marufi ce kawai. Abin da ke yin aikin wani ɗan kati ne da ake dasawa a ciki tare da eriyarsa, kuma kamfanonin da suka sayi na'urorin tun farko ba kasafai suke biyan kuɗinsa ba, tunda ofisoshinsu da gidajen ma'aikatansu a wadace suke da layi. Dabarar Acorn ce ta 1981 ta dawo: ga gurbi, mai so ya cike. Sai mutum ya zura sim ya yi ta jira, shiru. In ya nemi a dasa masa katin, wasu samfuran Lenovo da HP ba sa karɓar kowane kati sai wanda kamfani ya rubuta sunansa a cikin na'urar, ta ƙi tashi ma in an sa wani. In kuma ya yi sa'a katin na ciki, mai yiwuwa an yi shi ne domin zangon iskar kamfanonin Amurka, wanda bai yi daidai da na Najeriya ba. A ƙasar da kusan duk mai hawa intanet ta layin salula yake hawa, wannan sashe ne ya kamata ya zama na dole, amma ana yanke shawarar ne a inda ba a bukatarsa.

Wani zai ce ai hotsfot ya wadatar. Ya wadatar ga mai wayar. Matsalarsa ita ce yana da ƙafafu. Wayar da ke ɗauke da data mai kauri galibi ta maigida ce ko ta uwargida mai aiki, kuma da safe tana fita tare da mai ita. A ɗauki ma'aikaciyar jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wadda gidanta ke bayan Court Road. In tana aikin dare, intanet ɗin gidan ma yana aikin dare. Ɗanta da ke shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, sai ya jira ta dawo, ta yi barci, ta farka. In tana gida, kira ɗaya mai tsawo na iya katse darasi, batirin wayar kuma yana ƙonewa da zafi. An ga wannan ƙarara lokacin kullen korona na 2020, da aka ce yara su koma karatu daga gida. Akwai rauta mai sim, akwai 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022 da Kano cikin biranen farko, akwai Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Amma kowannensu ƙarin akwati ne mai neman kuɗinsa da wutarsa, a unguwar da wuta ba ta da alƙawari. Laftof kuwa da batirinta take tafe.

Zuwa nan hukunci ya karkata: a gina, kuma a gina har da sim. Sai dai nasarar wannan ra'ayi ta haifi wata matsala da masu muhawarar farko ba su hango ba. Da masu rubuta manhaja suka tabbata kowace kwamfuta tana da ƙofa, sai suka ɗauka ƙofar a buɗe take dare da rana, kuma shiga da fita kyauta ne. Daga nan kwamfuta ta daina neman izini. Da zarar ta ji sigina, babbar manhaja ta fara sauke sabuntawa, ma'ajiyar hotuna ta fara loda kaya sama, manhajar tsaro ta ɗauko nata, duk a ɓoye. Sau da yawa ba ta bambanta Wi-Fi na layin da ba a ƙirgawa da hotsfot na malamin makarantar da ya sayi gigabait biyu domin ya kai shi mako. Ya jona domin ya tura takarda mai shafi uku, kafin ya gama shan shayi saƙo ya shigo cewa datarsa ta ƙare. Tun Windows 8 ta 2012 akwai wurin da ake gaya wa kwamfuta cewa layin nan na awo ne ta yi tsimi, amma an binne shi cikin saituna, kuma sai wanda aka nuna wa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kuma hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kamata ya yi tsimi ya zama halin da na'ura ke zuwa da shi, mai wadata ya sake mata mara.

Abin ya wuce cin data. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, a nau'inta na gida ba ta bari a kammala saitin farko sai an jona intanet an shiga da asusun Microsoft, kuma a 2025 kamfanin ya shiga toshe dabarun da masu gyara ke bi su tsallake matakin. Adobe, wanda masu tace fim da masu zanen kati a Zoo Road ke rayuwa da manhajojinsa, ya koma tsarin haya tun 2013, kuma manhajar kan nemi ta leƙa gida lokaci-lokaci ta tabbatar an biya. Wannan ɗaure kwamfuta ne da igiyar da ba ta hannun mai ita. Igiyar kuwa tana tsinkewa. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka yi ta rarrafe kwanaki. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, rufewar ta shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda ba wutar lantarki. Akawu ko lauya ko ɗalibin da kwamfutarsa ba ta buɗe takardarsa sai ta gaisa da wata na'ura a Amurka, a irin waɗannan ranaku ƙarfe ne kawai a gabansa.

Iyaye kuma suna da tasu damuwar, wadda masana fasaha kan yi wa kallon ƙauyanci ba bisa adalci ba. A 2007 aka kai kwamfutocin shirin nan na laftof ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, wata firamare a Galadima da ke Abuja. An gina su da sadarwar iska mai haɗa yaro da yaro har zuwa intanet, kuma ta wannan fuska sun riga zamaninsu. A Yulin shekarar Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito cewa an ga hotunan batsa a kan wasu daga cikinsu, aka koma neman matattara bayan ɓarna ta auku. Uban da ke cewa a sayo wa yaransa kwamfutar da ba ta hawa intanet ba jahili ba ne. Labari irin wannan yake gudu. Amma cire rediyon ba ya magance abin da yake tsoro, tunda wayar abokin ɗansa da katin memori suna nan. Ginin gidan Bahaushe ya daɗe da warware irin wannan. Ba a taɓa gina gida ba ƙofa saboda tsoron baƙo. Soro ake yi, inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, a san ko wane ne, a yi masa iso ko a sallame shi daga nan. Tsofaffin laftof na ofis suna da ɗan maɓalli a gefe wanda in an tura shi rediyo ya mutu, kowa yana gani da idonsa. An cire shi a yawancin sababbi domin a rage kauri, aka bar wa manhaja aikin. Dawo da shi, tare da saitin iyaye da uba ko uwa za su iya fahimta cikin harshensu, ya fi wa'azin a bar yara su saba da zamani amfani.

Ta fuskar tsaro ma tarihi bai goyi bayan toshe ƙofa ba, kodayake ya nuna haɗarin barin ta ba mai gadi. A Agustan 2003 ƙwayar cutar Blaster ta riƙa kama kwamfutocin Windows XP ba tare da mai su ya taɓa komai ba, jonawa kaɗai ta isa; sai a 2004 Microsoft ya mayar da katangar tsaro a kunne tun daga kamfani. A Kano kuwa, cutar da ta fi wahalar da ɗalibai ta filash ta riƙa yawo, daga shagon buga takardu zuwa gida, tana ɓoye babin digiri ta bar gunkin bogi a madadinsa. Kwamfutocin da ba su taɓa ganin intanet ba su suka fi kamuwa, domin maganinsu bai taɓa sabuntuwa ba.

Wannan ne ya sa abin da ke tafe yake da nauyi. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. An ba da ƙarin shekara ɗaya ga masu amfani a gida, amma sai an yi rajista da asusun kamfanin. Windows 11 kuma a hukumance ba ta hawa yawancin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ko 2018. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan na'urori da yawa, lafiyarsu ƙalau, kuma an san inda kwantenar ke nufa. Za su iso Farm Centre da Beirut Road da Wi-Fi mai aiki sarai da babbar manhajar da ba mai ɗinke mata ɓaraka, a sayar wa mutanen da za su shiga asusun banki da shafin albashi da su. Zaɓin yana hannun saurayin da ke bayan kanta da filash ɗinsa: ya bar Windows 10 yadda take, ko ya cusa 11 ta bayan gida ba tabbacin za ta ci gaba da samun gyara, ko ya sa Linux, irin su Ubuntu da Mint, waɗanda ake iya girkawa ba intanet ba asusu, amma kwastoma zai dawo gobe yana tambayar ina Word ɗinsa. Shi kuwa mai saye, har yanzu tambayoyinsa biyu ne in ya zo ciniki: awa nawa batir ke yi, kuma nawa ne gaskiya.